Kan Jirgin da Ya Dafa Tuwo

Akwai wani dattijo a wani ƙauye tsakanin Bici da Shanono, ana ce masa Malam Dallatu. Ƙauyen irin namu ne na arewacin Kano, inda gona ke manne da gona, har idan ka yi atishawa a taka, maƙwabcinka zai amsa maka daga tasa. Babu layin dogo a garin, babu a kusa da shi. Amma idan ka shiga ka ce gidan Mai Jirgi kake nema, ba za ka tambayi mutum biyu ba.

Da ƙuruciyarsa aikin reluwe ya yi, tun zamanin jirgi mai hayaƙi. Ba direba ba ne. Shi ne mai tsayawa bayan direba da shebur yana zuba wa jirgi kwal, daga Kano har Nguru, fuska baƙi ƙirin, ido jajur. Da aka daina yayin irin waɗannan jiragen ya yi 'yan shekaru a tasha, daga baya ya tattaro ya dawo gonar ubansa. Jikinsa dai ya dawo gida, amma ni a ganina rabin hankalinsa yana can a kan dogo.

Wata ranar kasuwar Bici ya je sayen igiyar akuya, sai ya bi ta gaban rumfar wani ɗan gwanjo mai suna Basiru. Basiru magidanci ne, yana kwance dilar kayan wasan yara na hannu, 'yar tsana mai ƙafa ɗaya da mota marar taya da sauran tarkace. A ƙasan buhun akwai wasu 'yan bulo na roba, ƙanana, masu ƙuraje a sama, irin waɗanda idan ka danna ɗaya a kan ɗaya suke mannewa. Ba mai sayensu, don ba sa zuwa a cike. Malam Dallatu ya ɗauki biyu ya haɗa, ya ƙara na uku, ya tsuguna. Sai da aka kira la'asar ya tuna da igiyar akuya.

Tun daga ranar ya kamu. Duk ranar kasuwa yana gaban Basiru yana tsinta, wata rana ya samu biyar, wata rana ya dawo hannu biyu. A shekara goma sha ɗaya ya haɗa tarago tara: na gyaɗa, na shanu, na kwal, na fasinja har da 'yan tagoginsa. Ya kafa katako a jikin bangon ɗakinsa ya jera su. Kuma ba kowane bulo yake karɓa ba. Baƙi, da ruwan toka, da ruwan ƙasa, su ne nasa. Idan Basiru ya miƙo masa fari ko ruwan ɗorawa sai ya ture.

“Mayar da abinka,” yake cewa. “Jirgin ƙasa ba ya ɗaura atamfa.”

Abu ɗaya ya rage masa, shi ne kan jirgin. So yake ya gina irin wanda ya yi wa aiki sak, shi kuwa wancan ja ne mai duhu, kalar zoɓo. Wannan kalar ita ce ta fi wuyar samu. Shekara bakwai ya yi yana tara ta ɗaya-ɗaya a cikin wani babban gwangwanin madara da ya ajiye can saman bango, ya kuma rantse ba zai fara ginin ba sai sun cika.

Matarsa kuwa, Inna Hure, ba ruwanta da jirgi. Shekara arba'in da shida suna tare, kuma tun a shekara ta biyu kunnenta ya koyi rufe kansa da zarar Malam ya ce “wata rana muna fitowa daga Nguru”. Tana tankaɗe tana cewa “to”, tana cewa “ikon Allah”, amma ko kalma ɗaya ba ta shiga. Ba ƙiyayya ba ce, kar ku yi mata mummunar fahimta. Matar nan ko ƙuda ba ta bari ya sauka a kwanon Malam. Kawai dai labarin ne ta ji shi ya fi sau dubu.

“Tsofai-tsofai da kai, Malam,” takan ce. “Sa'anninka suna tara carbi, kai kana tara kayan wasa.”

“Carbin ma ina da shi, abokiyar aiki,” shi kuma ya ce.

Haka yake kiranta, wai don aikinsu ɗaya: shi ya ci da wutar jirgi, ita tana ci da wutar murhu.

Ana nan sai shekarun nan masu wuya suka shigo, waɗanda ba sai na ba ku labarinsu ba. Mai ya tashi, ya ja komai suka tashi tare. Kwanon masara ya fi ƙarfin mai gona, taki ya zama sai kallo. 'Ya'yansu kowa na fama da nasa gidan. 'Yarsu Asiya da ke aure a Shanono takan aiko da ɗan abin da ya samu, shi ma ba kullum ba. Gidan Malam Dallatu aka koma ɗora tukunya sau ɗaya a rana.

A cikin wannan halin idon Malam ya fara gardama. Da farko gefe-gefe ne ya dushe, sai ya riƙa tuntuɓe da buta. Ya lallaɓa ya je wani asibiti a Kano shi kaɗai. Likitan ya daɗe yana haska masa ido, sannan ya ajiye fitilar.

“Baba, ba zan ɓoye maka ba. Ciwon ya riga ya ci jijiya. Maganin da zan ba ka zai rage masa gudu, amma ba zai tsayar da shi ba. Duk abin da kake son gani, ka yi ƙoƙari ka gan shi bana.”

Malam Dallatu ya yi godiya, ya sa hularsa. A mota yana dawowa ya yi ta lissafin abin da yake son gani. 'Ya'ya ya gan su, jikoki ya gan su, fuskar Hure kuwa ko a duhu ya san ta. Abu ɗaya ne bai taɓa gani ba, shi ne taragunsa tara da kan jirgi a gabansu.

Da ya iso gida Inna Hure ta tare shi da ruwa.

“Me likitan ya ce?”

“Ya ce tsufa ne. Ya ba ni na ɗigawa.”

Bai gaya mata sauran ba, don ya san halinta, sai ta daina cin ɗan abincin da ya rage. Basiru kaɗai ya faɗa wa, shi ma don ya taya shi neman jajayen da gaggawa.

To, daminar shekarar ta zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya. A yankin nan kun san itace ba ya da yawa, da kara ake girki, shi kuwa karan bara ya ƙare tun kafin a yi noman farko. Ɗan itacen da ake samu jiƙaƙƙe ne sharkaf. Kalanzir ya zama na masu hali. Mata suka koma kama wuta da leda, har leda ta yi wuya, don ba a sayen abin da za a ƙulla a cikinta. Inna Hure ta ƙona tsofaffin silifas ɗin gidan kaf, ta ƙona marfin bokiti. Kuma tana da tsohon tari a ƙirji. Sai ta fi awa a durƙushe tana busa, hayaƙi na shiga mata, hawaye na zuba, wutar ta ƙi.

Wata rana tana share ɗakin Malam ta ɗaga kai ta hango gwangwanin. Ta jawo turmi ta taka, ta sauko da shi, ta buɗe.

Nan fa kuskuren ya faru, kuma duk macen da ta taɓa tsintar wake za ta gane shi. Idan kana tsintar wake, mai kyau yana tafiya tukunya, wanda ka ware gefe a wani ɗan kwano shi ne ruɓaɓɓe. Inna Hure ta dubi taragu a jere a kan katako, ta dubi waɗannan da aka ware aka tura saman bango shekara da shekaru ba a taɓa su ba. Kuma duk cikin taragun babu ja ko ɗaya. A hankalinta magana ta fito fili: waɗannan su ne bai so.

Ta ɗauki uku ta sa a ƙarƙashin itace, ta ƙyasta ashana. Roba ta narke, ta ɗiga, ta kama ci bal-bal. Kafin ta gama wanke tukunya wuta ta tashi.

Ni ban ce ku yi ba, hayaƙin roba ba abin shaƙa ba ne. Amma wanda bai taɓa durƙusa gaban jiƙaƙƙen itace da yunwa a cikinsa ba, ya yi mata shiru.

Kullum uku, wata rana huɗu idan an kwana ana ruwa. Bayan kamar kwana ashirin ta shiga ɗakin ta tarar gwangwanin ya sauko daga saman bango, yana ƙasa a bakin ƙofa. Ta ce a ranta, ka gani ko, har ya fito da shi zai zubar. Daga nan ko turmi ba ta ƙara jawowa ba, hannu kawai take miƙawa. Haka aka yi har gwangwanin ya koma yana ƙara idan an girgiza shi.

Ranar da asiri ya tonu, Malam ya tafi ta'aziyya unguwar gaba. Aka yi sallama a zaure, Inna Hure ta yafa mayafi ta leƙo, sai ga Basiru da kekensa.

“Inna, ina wuni. Baba na nan?”

“Ya je gaisuwa. Lafiya dai?”

“Lafiya lau. Kwana biyu ban gan shi a kasuwa ba, shi ne na ce bari in kawo masa da kaina.” Ya zaro wata takarda daga aljihu ya warware ta a hankali. Bulo biyu ne, jajaye. “Na sha wuya kafin in same su, don yanzu an daina kawo dilar kayan wasa, ba mai saye. Ki ce masa ya zuba a gwangwanin. A lissafinsa saura kaɗan kan jirgin ya cika.”

Inna Hure ta ƙura wa bulon ido.

“Wane gwangwanin?”

“Na madarar nan mana, na jajayen. Shekara bakwai fa muna tara su ni da shi. Allah dai ya sa ya gama kafin idon ya rufe, tunda likita ya ce bana ce kawai.”

Ya ga yadda ta dafa bango, sai ya gane ya yi suɓutar baki.

“Inna, na ɗauka kin sani.”

“Na sani yanzu,” ta ce. “Ka gaida gida, Basiru.”

Ta koma ciki ta juye gwangwanin a faifai. Guda goma sha ɗaya suka faɗo. Ta je murhu ta tona toka da hannu, ba ta samu komai ba sai wasu baƙaƙen dunƙule-dunƙule. Ta zauna a wurin ta yi kuka irin wanda rabonta da shi tun rasuwar mahaifiyarta. Ba robar take yi wa kuka ba. Shekara bakwai mutumin nan yana gaya mata abin da ke cikin gwangwanin, ta tabbata ya faɗa ya fi a ƙirga, ita kuma tana cewa “ikon Allah” tana tankaɗe.

Bayan la'asar Malam ya dawo yana laluben bango da sanda. Ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ta kawo gwangwanin ta ajiye a gabansa, ta durƙusa.

“Malam, na yi maka ɓarna. Jajayen nan na ƙone su a murhu. Wallahi na ɗauka waɗanda ka ƙi ne. Kuma Basiru ya gaya mini maganar likita.”

Ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa. A shekara arba'in da shida bai taɓa ɗaga mata murya ba, ta ce yau kam ta jawo.

Malam Dallatu ya jingina sandarsa.

“Basiru bakinsa ba ya da marfi,” ya ce. “Tashi ki zauna, gwiwarki ba ta son ƙasa.”

“Ba ka ji abin da na ce ba ne?”

“Na ji. Na daɗe da sani.”

Ta ɗago kai.

“Hure, shekara nawa na yi a bakin wuta? Da hanci nake gane kwal mai kyau da marar kyau. Na ji warin ya canza daga na silifas, na ce bari in duba. Na sauko da gwangwanin na ji ya yi sauƙi, na zuba hannu, rabi ya tafi.”

“Shi ne ba ka yi magana ba?”

“Na so in yi. Ba zan yi miki ƙarya ba, raina ya ɓaci, har na fito da gwangwanin a hannu. Sai na hango ki a bakin murhu, kin ɗora tukunya, ba kya tari. Rabon da in ga kin yi girki ba tari tun farkon damina. Na tsaya na yi tunani. Kalanzir dai ban iya saya miki ba. Wanda ya rage a gwangwanin kuma ba zai yi kan jirgi ba, amma zai yi tuwo.”



“Abin da ya dame ni ɗaya ne,” ya ci gaba, “hawa turmin nan da kike yi. Na ce wata rana za ki faɗo ki karye. Shi ya sa na sauko miki da shi bakin ƙofa.”

Jama'a, ni da aka ba ni labarin nan, a daidai wannan wurin sai da na ajiye waya na goge ido.

Ta ce, “To idon fa? Kan jirgin fa?”

“Ido na Allah ne. Kan jirgi kuwa ai ya yi aikinsa. Dama aikin kan jirgi ke nan, ya ci wuta ya kai mutane gaba. Ya kai mu ƙarshen damina.” Ya yi 'yar dariya. “Kin ga kin fi ni iya aikin, abokiyar aiki. Ni shebur guda nake zubawa, ke da uku kike tayar da tukunya.”

Ya yi dariya, amma ita ta san shi. Ta ga yadda hannunsa ya shafa gwangwanin kafin ya ture shi gefe.

Washegari ta shiga gidan maƙwabciyarta kuma aminiyarta, Furera, ta zayyana mata komai. Furera mace ce mai saurin dabara.

“Yaya Hure, abu mai sauƙi. Ki samo ko wace kala ce, ki ce masa ja ne. Tunda idon ya yi nisa, ina zai gane?”

Maganar ta ɗan shigi Inna Hure. Can ta girgiza kai.

“Mutumin da ya sauko mini da gwangwani don kar in faɗo, shi zan yi wa wayo da makantarsa? A'a. Zan nemo. Abin da na samu shi zan gaya masa.”

Ku sani, Inna Hure mace ce da ko gishiri ba ta taɓa roƙa a maƙwabta ba. Ta gwammace ta sha miya lami. Amma satin nan aka yi suna a dangin mijin Asiya a Shanono, gida ya cika da mata, sai tsohuwar nan ta miƙe a tsakiyarsu da bulo ɗaya a tafin hannu, ta tona wa kanta asiri tun daga turmi har zuwa toka.

Da farko dariya aka yi, har da masu riƙe ciki. Wata ta ce ita ma ta taɓa kama wuta da takardar gonar mijinta. Amma da ta zo kan maganar likita da saukar da gwangwani, dariya ta tsaya. Wata tsohuwa ta ce, “Miƙo in gani.” Bulon ya zaga hannu zuwa hannu.

“Ai akwai irin wannan a gidana, na tokare ƙafar gado da shi,” wata ta ce.

“Ni ma na taɓa gani a akurkin kaji.”

Daga nan magana ta bi hanyar da maganar mata take bi, wadda ta fi rediyo sauri. Ta bi ta injin niƙa, ta bi ta layin awo a asibiti, ta bi ta gidajen biki. Aka fara aikowa. Wata ta ƙullo biyu a gefen zani, wata ta sako ɗaya a cikin ƙullin daddawa. Akwai wanda ya zo da shaidar haƙorin akuya a jikinsa. Matar wani malamin kwaleji a Bici, wadda 'ya'yanta suka girma, ta aiko da rabin leda. Basiru kuma, don ya wanke laifin bakinsa, ya zazzage duk tsofaffin buhunansa ya kwaso waɗanda Malam ya yi shekaru yana turewa.

A lokacin da ba wanda ke da abin bayarwa, wannan kowa ya iya bayar da shi. Kafin a gama yankan gero gwangwanin ya cika har ya yi tozo.

Sai dai da Inna Hure ta juye a faifai, ta ga ba abin da ta nema ba ne. Ruwan ɗorawa ne ya fi yawa, sai fari, sai ɗan shuɗi da kore. Jajayen, har da na da, ba su kai cikin tafin hannu biyu ba.

Ta kai masa ɗaki. A lokacin idon ya ƙara ja baya sosai, a cikin ɗaki inuwa kawai yake gani. Ya zuba hannu a faifan, fuskarsa ta washe.

“Hure, ina kika samo waɗannan?”

“Matan ƙasar nan ne suka tara maka. Amma tsaya in gaya maka gaskiya kafin ka yi murna. Ba ja ba ne. Yawanci ruwan ɗorawa ne da fari. Atamfar nan ce dai da ka ce jirgi ba ya ɗaurawa.”

Ya ɗauki ɗaya yana juya shi a yatsunsa. Ta ga abin ya taɓa shi, bai kuma ɓoye ba.

“To,” ya ce a ƙarshe. “Kayan da mata suka tara, ai dole ya fito da atamfa. Miƙo mini mai ƙurji takwas.”

Kwana goma sha biyu suka yi suna ginin. Shi yana aiki da yatsa, ita tana tsinto masa a faifai kamar mai tsintar shinkafa. “Mai ƙurji huɗu.” Ta miƙa. “Siriri mai biyu.” Ta miƙa. Yana ginawa yana bayani: nan tukunyar ruwa take, nan bututun hayaƙi, nan direba ke tsayawa, nan kuma ni. A karo na farko a shekara arba'in da shida Inna Hure ta saurari labarin Nguru daga farko har ƙarshe, har da tambaya.

“Ashe har gobara kuka taɓa yi a hanya?”

“Na gaya miki ya fi sau ɗari.”

“To yau na ji.”

'Yan jajayen ta ce a sa su a daidai inda yake tsayawa, aka sa.

Ranar da aka gama da hantsi ne. Ya danna na ƙarshe, ya shafa kan jirgin tun daga gaba har baya, ya ce alhamdu lillahi. Amma muryar ba ta da ƙarfi, don a ɗakin ba ya ganin komai sai duhu-duhu. Inna Hure ta ce ba a ɗaki za a yi wannan ba. Ta share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarma a rana, ta fito da taragun nan tara ta jera, sannan ta ɗauko kan a faifai ta sa a gabansu. Ta kamo hannunsa ta zaunar da shi.

Malam Dallatu ya ƙura ido. Taragunsa na shekara goma sha ɗaya, baƙaƙe da masu ruwan ƙasa, duk sun haɗe masa sun zama inuwa guda doguwa, ba ya bambance na gyaɗa da na shanu. Ya bi inuwar da kallo a hankali har zuwa gaba. Sai ya tsaya.

Rana ta daki ruwan ɗorawan nan da farin, suna ta ƙyalli.

“Hure,” ya ce a hankali. “Ina ganinsa.”

“Malam, kar ka faɗa don ka faranta mini.”

“Ga bututun nan, fari ne. Ga tukunyar, ruwan ɗorawa. Akwai wani kore a gefe da kika sa a karkace.”

Ta duba, wallahi a karkace yake.

“Jajayen fa, kana ganinsu?”

Ya matso har hancinsa ya kusa taɓawa.

“A'a. Wurin duhu ne kawai.” Ya ɗago, hawaye na bin gemunsa. “Kin gane? Da jajayen nan sun tsira, da na gina abin da ba zan gani ba.”

Suka zauna a rana su biyu, tsofaffi, suna kallon kayan wasan yara, har inuwar bango ta iso kan tabarma. Kafin su tashi ya juyo wajenta ya daɗe yana kallo. Mayafinta baƙi ne, irin na tsofaffi.

“Abokiyar aiki, ina da roƙo ɗaya.”

“Faɗi.”

“Ke ma ki koma sa ruwan ɗorawa.”

Asiya ce ta kawo mata nata mayafin mai ruwan ɗorawa. Matan gari suka yi ta tsokana, wai Inna Hure ta koma amarya da furfura. Ko a jikinta. Wata huɗu idon Malam ya ƙara yi kafin ya rufe gaba ɗaya, kuma a wata huɗun nan duk inda ta gifta a tsakar gida kansa na biye da ita. Har yau mayafin take sawa. Furera ta taɓa ce mata ai yanzu sai ta huta, tunda ba ya gani. Ta ce a'a, a haka ya gan ta na ƙarshe, a haka za ta zauna.

Darasi: Kafin ka buɗe baki a kan ɓarnar da na kusa da kai ya yi maka, tsaya ka dubi abin da ya kai shi, domin mutum ya fi duk abin da ka tara. Haƙurin da ka yi don tausayi ba ya ɓacewa a wurin Allah, yakan dawo maka da abin da ya fi wanda ka rasa dacewa da kai, ko da ba a kalar da ka so ba. Kuma mu riƙa sauraron mutanen gidanmu tun suna iya ba mu labari. Idan labarin Malam Dallatu da Inna Hure ya taɓa zuciyarka, tura shi ga mijinki ko matarka, da duk wanda ka san yana riƙe da fushin wani abu da bai kai mutum daraja ba.